Hayaniyar da Ka Sa Aka Cire

Zuwa ga hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa mai kashe ƙishin tsakar rana, tauraron da ya fito min tun ina budurwa bai kuma faɗi ba har yau. Zuwa ga mijina, uban 'ya'yana, Sandar Eriyata.

Kada sunayen nan su ruɗe ka. Na rubuta su don gaskiya ne, ba don na huce ba. Ban huce ba. Tun shekaranjiya nake tafasa, har masu kawo ɗinki sun fara tambayata ko lafiya. Na ɗinka wa wata baiwar Allah hannun riga a baibai, na farke, na sake ɗinka shi a baibai, tana zaune tana kallona.

Za ka ce me ya mayar da ni ga takarda da biro, ga waya a hannuna. To ji dalili. Zuwanka hutu na ƙarshe, ina kicin ina wanke-wanke, sai na jiyo wata murya daga falo tana tsiwa da gudu kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na leƙo. Ashe ni ce. Saƙon muryar da na aiko maka kake saurare, ka danna abin nan da ke sa magana ta yi sauri, don ka gama da ni da wuri. Ni, wadda ka taɓa rantsuwa cewa muryata ta fi ta kanari daɗi! Na koma kan kwanukana. Amma takarda ba ta da wannan maɓalli. Yau dole ka zauna ka bi ni kalma bayan kalma, yadda na faɗe su.

Ka ɗauke min kaset. Ka san wanda nake nufi, mai farin baya wanda ya koma ruwan ƙasa don tsufa, wanda kusurwarsa ta fashe na liƙe da salatif. A aljihun keken ɗinkina yake kwana, ƙarƙashin almakashi. Ranar da za ka koma bakin aikinka ka zare shi ka sa a jaka, ba ka ce min uffan ba. Na birkice shago, na birkice gida, na ɗaga katifa, na zazzage kwandon ƙyallaye. Har Auta na tsare da tambaya, yarinya ta yi ta rantsuwa tana hawaye. Duk kwanakin nan kana kira kana tambayata ya gida, ina cewa lafiya, cikina kuwa kamar an yi min sata.

Sai shekaranjiya ga saƙonka ya shigo, har da hoton fure: "Ga tsarabarki, gimbiya. Na kai wani shago an juye miki waƙoƙin nan a waya. An wanke su tas, an cire duk hayaniyar."

Hayaniya. Haka ka rubuta, da yatsanka.

Bari in tuna maka, tunda ka fara tsufa ta wajen kunne. A zamaninmu waƙa ba ta zuwa don an kira ta. Jiranta ake yi. Sai ranar shirin zaɓe da gaisuwa, a zauna a gaban rediyo tun kafin lokaci, ana addu'a kada mai gabatarwa ya cika surutu a kan farkon waƙar. Rediyon gidanmu ba ya ɗaukar kaset, rikodarka kuma ba ta kama tasha. Sai ka ara min ita, muka haɗa su baki da baki a kan tabarma, muka tallafe da matashi, yatsana a kan jan maɓalli. Doka ɗaya ce: kowa ya yi tsit. Ba tari, ba atishawa, ba jan takalmi. Ƙannena har numfashi suke riƙewa.

Kai kuma a lokacin ba ka da izinin wuce bakin ƙofa. Ga rediyon nan da taurin kai, ba ya fitar da murya sai wani ya riƙe wayar eriya ya ɗaga sama. Wa ya riƙe? Kai. Ka tsaya a bakin ƙofarmu cikin rana, da wandonka mai faɗin ƙafa wanda yake share titi kyauta, da matajin da ka soke a sumarka, hannu a sama kamar ɗan makarantar da ya san amsa aka ƙi kiransa. Mako bayan mako kana zuwa kana tsayuwar nan. Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, ko kallon inda kake ba ta yi. In ka gaishe ta, bango take amsa wa.

Ran nan muna tsakiyar waƙar nan ta mai jiran jirgin ƙasa, wadda ranar aka fara saka ta, kowa ya yi tsit, zaren kaset yana juyawa, sai Inna ta ɗaga murya daga ɗakinta: "Ke, rage ƙarar nan, kaina na sara. Shi kuma wancan da ya zame mana sandar eriya, a ce masa ya shigo ya zauna kafin hannunsa ya bushe."

Ka saki wayar. Rediyo ya ɗauke da shuuu. A cikin shuuu ɗin nan ana jin ƙarar takalminka da ka tuɓe, ana jin ƙanina ya fashe da dariya, ana jin ni ina cewa wayyo waƙata. Na yi fushi ranar don an ɓata min ɗauka. Ban san cewa a wannan ɓacin ne aka ba ni kai ba.

Wannan ce hayaniyar da ka sa aka cire.

Da saƙonka ya iso na ajiye ɗinki, na kara wayar a kunne, ina jiran wurin. Jikina ya san wurin, ko barci nake zan gane shi. Mawaƙin ya ja numfashi, na ja nawa, na ce yanzu Inna za ta yi magana. Sai waƙar ta wuce sumul, ta kai ƙarshe, har da wani baiti da ban taɓa ji ba a rayuwata. Shekaru nawa ina tare da waƙar nan, ban san yadda take ƙarewa ba, kuma ban taɓa nema ba. A wurina inda Inna ta buɗe baki nan ne ƙarshenta. Na sake kunnawa ko kunnena ne. Ba kunnena ba ne.

Na kira ka. Ka ɗauka kana tauna wani abu, kana jiran godiya. Ka ce min, "Ai mutumin gwani ne. Da ya ji wurin ya lalace da surutu, sai ya nemo waƙar sabuwa fil ya saka miki." Na ce kaset ɗin fa? Ka ce, "Yana can wurinsa. Me za ki yi da shi kuma? Kwali guda yake tarawa, ƙarshen wata masu kwashe tarkace su ɗauka." Kafin in sami bakin magana sabis ya ɗauke. Ka gode wa sabis, don abin da ya taso min a lokacin ba na takarda ba ne.

Haba masoyina. Haba sanyin idaniyata. Mantawa ka yi, ko dama ba ka taɓa sauraro ba? Sau nawa ka shigo shago ka tarar kaset ɗin nan yana juyawa? Ka ɗauka mawaƙin nake so? Mutumin da yake waƙa ta hanci, wanda ko a lokacin don kai nake haƙuri da shi? Inna ta tafi kafin wayoyin nan masu ɗaukar murya su zo. Hotonta biyu ne a duniya, a ɗaya ma ta kau da kai. Muryarta kuwa babu ita a ko'ina a bayan ƙasa sai a kan wannan siririn zare. 'Ya'yanka ba su san kakarsu da wata magana ba sai wannan. Auta tun tana rarrafe, in ta ji an ce "kaina na sara" sai ta waiga tana neman mai maganar. In aiki ya sha min kai, in mai kaya ta zage ni a kan aljihu, in kewarka ta danne min ƙirji, sai in tura ƙofar shago in danna maɓalli, uwata ta yi min faɗa in ji sanyi. Wannan ka bari a kwali, tare da tarkacen mutanen da ban sani ba.

Na gaji da zamanin nan da yake wanke komai tas. Waya ta hana ni shiga sai na faɗi lambar sirri, in na faɗa ta ce ba ita ba ce, in na canza ta ce ai ita ce ta dā. Ina tsakiyar jin waƙa wani ƙato ya faɗo yana tallar man goge baki. Talabijin mai tashoshi kamar yashi, mu yi ta dannawa har abinci ya huce ba mu kalli komai ba. Ga rimot kullum a ɓace, in an same shi babu batir, don Babba ya cire ya sa a wani abu. Caja biyar a gidan nan, ba wadda ke shiga wayata sai na karkata ta na ɗora mata kofi. A dā fa? Talabijin ɗinmu baƙi da fari, mari ɗaya a gefe yake dawowa hayyacinsa. Batir ya mutu, mu shanya shi a rana ya ƙara mana yini. Kaset ya haɗiye zare, ka zaro shi a hankali, ka soka biro a ramin, ka yi ta juyawa kana ba ni labarin fim ɗin karaten da ka kalla, kana kwaikwayon duka da bakinka har biron ya faɗi. Abin da ya lalace a lokacin gyara shi ake yi, ba a ce wa mutum me za ki yi da shi kuma.

Kai ne fa mutumin nan. Kai ne ka tsaya a rana, hannu a sama, don wata yarinya ta sami waƙa. Ina wannan haƙurin ya tafi, da yanzu minti ɗaya na muryata ya yi maka tsawo? Abin da ke ƙona min rai ke nan fiye da komai. Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Na san ka ga rikodar tana tari, ka ga na ɗaure cikinta da robar gashi tun da mai gyara ya ce kayanta sun ƙare a kasuwa, ka ce bari ka hutar da ni. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da kai. Amma kyauta ka yi min, kana murmushi, ka miƙo min waƙa ka ɗauke min uwa.

Duk da haka, ka ji ni da kyau, ya ruwan farkon damina, ya iskar da ke shigowa ta taga in zafi ya ishe ni: ban daina sonka ba, ko na ƙiftawar ido. Abin haushin ke nan. Ina fushi da kai, ina kuma ajiye maka gefen gadonka. Ina zaginka a zuci, hannuna kuma yana ɗinka maka riga, mai aljihu biyu yadda kake so. Zuciyata ba ta san wata hanya ba sai wadda ta bi ta bakin ƙofar nan. In an mayar da ni kan tabarmar, yatsana a kan jan maɓalli, kai zan sake leƙe ta labule.

Saboda haka ga roƙona, in ka ga dama ka kira shi umarni. Wata ya kusa ƙarewa. Ranar da direban da na ba takardar nan ya miƙa maka ita, kada ka tsaya cin abinci, kada ka kira ni, kada ka aiko min hoton fure. Ka tafi shagon nan. Ka durƙusa gaban kwalin, ka zazzage shi, ka duba ɗaya bayan ɗaya. Ba rubutu a jikinsa, ya goge tuntuni. Salatif ɗin kusurwa za ka nema. In ka gan shi kada ka bari gwanin ya sake taɓawa, kada a sake gwada shi a injin kowa, zarensa ya yi laushi. Kada kuma ka juya shi, ni zan mayar da shi wurinsa. A daidai inda mawaƙin yake jan numfashi nake tsayar da shi, kullum a nan nake barinsa. Ka naɗe shi a hankici ka sa a aljihun ƙirji.

Kuma kada ka ba wa kowa saƙo. Da hannunka ka ɗauka, da hannunka za ka dawo da shi. In ka iso, ka tsaya a bakin ƙofa. Ba zan ce ka shigo ba, na kuma gargaɗi yara kada wanda ya ce. Ka miƙo min shi daga nan, in saka a rikoda, in nemo wurin, in danna. Wadda ta ba ka izini da farko ita za ta sake ba ka.

In kuwa ka je ka tarar an riga an kwashe, to ka zo duk da haka. Ka tsaya a wurin. Na haddace maganar, har inda take jan "bushe" ɗin. Ni zan faɗa maka ita, ka tuɓe takalmi ka shigo, in zuba maka ruwa, in zauna da kai har ƙarshen kwanana kamar yadda na yi alkawari. Sai dai daga ranar, ni da kai da 'ya'yanmu, babu wanda zai sake jin ta da muryar mai ita.

Taka jiya, taka yau cikin fushi, taka har ranar da zarena zai ƙare,

Matar Sandar Eriya.