Darar Baba

Tanut, 3 ga Oktoba, 2009

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Yaya Halimatou. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ambulan ɗinka ya iso ranar Laraba a hannun Mu'azu direban kar, motar fasinjan nan. Na girgiza shi, na leƙa, har na yage shi gida biyu, babu kati. Sai takardarka mai layi huɗu kamar ta minista: lafiya lau, babu labari. Yaya, kai ma ka san ba don rubutunka nake tsayuwa a tasha cikin rana ba.

Bari in tuna maka, tunda kai abin da ba shi da tambarin buro, ofishin nan naku, ba ya zama a kanka. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana da hannun dama, hanya ɗaya ce ta rage tsakanina da shi: 'yar baƙar na'urar wasan nan da na bar masa. Na samo ta wajen abokan karatuna na unguwar Lamorde a Yamai, irin wadda aka bar cikinta a buɗe, duk wanda ya iya sai ya rubuta mata abin da yake so. Ni kuma na rubuta mata dara, gurbi talatin, mai kara da mai dutse, irin wadda yake bugawa a ƙofar gida kafin ciwon. Ya motsa ɗa ɗaya da babban yatsan hagu, ku cire katin ajiyar da ke cikinta ku aiko, ni in sa a ordinatar ɗina, wato kwamfuta, in motsa nawa in mayar. Wata biyar muna kan wasa ɗaya. In na ga inda ya ajiye ɗansa, ina gane ko ya tashi da walwala ko ransa a ɓace.

Don Allah ka duba ƙarƙashin matashinsa, ka ba Mu'azu katin ranar Asabar. Ka gaya wa tsohon kada ya ɗauka na manta, ina nan ina jiran sa.

Ƙanwarka,
Sadiya

Yantala, Yamai, 10 ga Oktoba, 2009

Sadiya,

Wa alaikumus salam. Mun ga saƙonki. Kowa lafiya, jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi.

Game da na'ura, na yi musayarta da tabilet a shagon wani Ousmane da ke unguwar Kalley. Na yi tunani kafin in yi, kuma ga dalilaina. Tabilet fuskarta ta ninka waccan girma. Tana shiga intanet. Baba zai saurari karatun Alƙur'ani, ya ga labaran duniya, ke kuma ki riƙa aiko masa hotuna ba sai mun jira kar ba. Jikinta na ƙarfe ne, in an ajiye ta a kan tebur abin mutunci ce. Waccan kuwa roba ce da maɓallai, kullum Halimatou na hanyar sayen pil, batiran da take ci, ga wannan ƙara tata kamar ɗan tsako.

Akwai kuma abin da ba ki gani ba. Ranar Lahadin ƙarshen watan jiya darektanmu ya zo dubiya da mutum huɗu daga buro. Suka yi sallama, suka zauna, suka yi addu'a. Baba bai ɗaga kai ba, yana ta danne-danne. Da za su fita sai na ji ɗayansu ya ce wa ɗan'uwansa da Faransanci, tsoho ya koma yaro. Alhaji Ɗahiru fa, wanda ya yi shekara arba'in a Babbar Kasuwa ba a taɓa ganin shi da wasa a gaban baƙo ba. Ke kina Tanut, ni ne nake zuwa buron nan kowace safiya.

Katin kuwa, gaskiya ban tuna da shi ba, yana ciki aka tafi da ita. Ki rubuta masa wata darar a tabilet, ai ke gwana ce.

Ki kula da kanki da ɗalibanki.

Yayanki,
Lawali Ɗahiru

Tanut, 15 ga Oktoba, 2009

Yaya,

Ina gaisuwa, don ba a koya mini fara magana babu gaisuwa ba.

Na karanta dalilanka sau uku. Duk gaskiya ne, kuma duk na mai hannu biyu ne. Ka taɓa zama ka kalli hannun Baba? Rawa yake. Maɓalli yana da tudu, yatsa na jin sa, in ya danna yana jin ya dannu. Tabilet ɗinka gilashi ce sumul, sai da ɗan tsinken nan nata ake taɓa ta, mutumin da cokali ke faɗuwa daga hannunsa ta yaya zai riƙe tsinke? Ko na rubuta mata dara goma ba zai iya motsa ɗa ɗaya ba. Intanet kuma, a nan sai na hau bayan makaranta nake samun rezo na kiran waya, balle hoto. Kuma in kuran, wutar lantarki, ya ɗauke muku a Yantala yini guda, pil biyu sun ishi waccan, taka sai ta zama faranti.

Ka ce Baba bai ɗaga kai ba. Da ya ɗaga, me zai ce musu? Wata shida mutane na shigowa suna magana a kansa kamar ba ya ɗakin. A darar nan kaɗai ake jiran ya yi wani abu. Ka ji kunyar mutum huɗu da ba za su sake dawowa ba, ka ɗauke masa ita.

Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan ɓoye ba. Ka koma Kalley yau. In na'urar ba ta samu ba, a samo katin.

Sadiya

Yantala, 29 ga Oktoba

Sadiyata,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Halimatou. Yayanki bai san na rubuto ba, ki yi haƙuri da rubutun, kin san karatuna bai yi nisa ba.

Takardarki ta ƙarshe ya karanta ya ninke ya sa a aljihu, ya ce yarinya ba za ta koya masa kula da ubansa ba. Ya yi kwana goma bai je Kalley ba. Kin san halinsa, ba mugunta ba ce, in ya faɗi magana komawa baya ke masa wuya.

Tabilet tana nan. Ranar farko ya kunna wa Baba karatu, Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya kife ta. Tun daga nan kullum aka miƙa masa sai ya kife. In na kawo kunu ina ganin babban yatsansa na motsi a kan bargo, sama, ƙasa, gefe. Ranar Laraba da Asabar idonsa na kan ƙofa, ya san ranakun Mu'azu. Abinci ya ragu sosai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. Ranar da baƙin suka zo, ashe naki wasan yake dubawa. Kwana biyu yana kallon sa bai taɓa ba. Suna fita ya danna, sai ya yi dariya, Sadiya, dariya mai sauti, wadda ban ji ba tun kafin ciwon. Ya nuna mini katin da haɓa, wai in cire. Na ce bari in sauke tukunya. Kafin in dawo yayanki ya ɗauke na'urar. Da na cire a lokacin da yanzu yana hannunki, abin nan na damuna.

Jiya dai yayanki ya je Kalley da kansa. Ousmane ya ce ya sayar tuntuni, bai riƙe sunan mai saye ba.

In kina da hali ki zo.

Taki,
Halimatou

Yantala, 6 ga Disamba, 2009

Ƙanwata Sadiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kin isa lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kin yi kwana bakwai a gidan nan, ban da ina kwana da sannu ba ki ce mini komai ba. Ban ga laifinki ba. Ni ma na kasa buɗe baki, shi ya sa nake rubutowa.

Na samo na'urar. Tun kafin rasuwar nake bin shagunan Kalley bayan an tashi daga aiki, har masu gyaran waya suka san ni. Shekaranjiya wani ya tuna cewa ya ga irinta a hannun wani tela mai suna Mansur a Lamorde. Na haye gada na same shi. Ya ce in kuran ya ɗauke, kekunan ɗinki suka tsaya, shi da abokan aikinsa sukan ɗan taɓa ta. Da na gaya masa ta wane ce, bai ja magana ba, ya miƙo mini. Na bar masa tabilet ɗin, ko kallonta ba na son yi.

Ban kunna ba. Na cire katin kawai, ga shi a cikin ambulan, na naɗe shi da takarda biyu.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kwana uku kafin ya rasu na zauna kusa da shi na ce, Baba ina nema, an kusa samu. Ya kalle ni ya daɗe, sannan ya kama hannuna ya danna tafina da babban yatsansa sau biyu. Ban san ko yafewa yake ba, ko tambaya yake ina take. Darektan da na ji kunyarsa ko gaisuwar rasuwa bai zo ba, takarda ya aiko. Na yi kuskure, Sadiya. Na zaɓa wa kaina abin da zan nuna wa mutane, na ce don Baba ne. Ki yafe mini in za ki iya.

Yayanki,
Lawali

Tanut, 11 ga Disamba, 2009

Yaya Lawali,

Wa alaikumus salam. Katin ya iso, na gode da wahalar da ka sha.

Na buɗe. Ba wasanmu ba ne a ciki. Telolin sun ƙarasa namu tuni, sun fara wasu. Da na rubuta darar nan ban sa ta riƙa ajiye abin da ya wuce ba, sai inda aka tsaya kawai. Aikin rabin yini ne, na ce zan yi in na zo hutu. Saboda haka abin da ya ba Baba dariya ya tafi, kuma da hannuna a ciki.

Maganar yafiya ka ba ni lokaci, ni ma ban gama da kaina ba.

Ga katin na mayar. Ka sa shi a na'urar ka kai wa Mansur, ban taɓa musu komai ba. Wasansu bai ƙare ba, mai kara ne zai motsa.

Ka gaida Yaya Halimatou.

Ƙanwarka,
Sadiya