Lambar Wuyan Bingo

Sabo, Ibadan,
6 ga Satumba, 1967.

Zuwa ga Baban Sakinatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Kano lafiya, goro kuma ya yi kasuwa. Yaya jikin Inna? Mu nan kalau muke, Sakinatu ta fara haƙori.

Maganar Bingo ce. Ranar da Obiora mai gyaran agogo na unguwar Mokola zai gudu garinsu saboda yaƙin nan, a ƙofar zaurenmu ya ɗaure karensa, kai kuwa ka dafa ƙirji ka ce ka karɓi amana. To, tun da ka sa ƙafa ka tafi, amanar a kaina ta faɗo. Ni da ko inuwar kare ba na so, yau ni ke kankare ƙanzo in tura masa ta rariya a fasasshen kasko. Matan gida har sun laƙaba mini Uwar Bingo.

Yanzu ma'aikatan hukuma na zagayawa da mota mai keji, duk karen da ba shi da lambar lasin a wuya kamawa suke. Ƙaninka Ladan ya ce kai ka cire wa Bingo tasa, wai sunan ɗan Ibo ne a jiki, kada soja su gani. Haba Maigida! Wane soja ne zai tsuguna yana karanta wuyan kare? Ina ka ajiye ta? Ka san ni ba fita nake ba, balle in je ofis neman wata. Don Allah ka aiko da amsa da wuri.

Ka gai da Inna.
Matarka, Haulatu.

Sabo, Ibadan,
2 ga Oktoba, 1967.

Zuwa ga Baban Sakinatu,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Takardarka ta iso. Na ga a masai ka jefa lambar, na kuma ga inda ka ce in daina damun kaina, kare ne ba mutum ba. Na gode.

Masu kama karnukan sun zo ranar Talata da hantsi, su uku da sanda mai zarge. Bingo ya shige ƙarƙashin kwalbati, suka yi ta fama ya ƙi fitowa. Suka ce to za su watsa nama mai guba a lungu, inda yara ke wasa. Sai Ladan ya shigo yana rantse-rantse, wai in kira Bingo ya fito, tsare shi kawai za su yi kwana uku, shi da kansa zai je ya yanki sabon lasin ya dawo da shi.

Na yarda. Na laɓe a bayan ƙofa na kira sunansa sau ɗaya. Ya fito da gudu yana kaɗa wutsiya, ya zaci abinci ne, har hancinsa ya taɓa bakin zanena kafin igiyar ta shiga wuyansa.

Ladan bai je ba. Kullum sai gobe, wai rumfar goro ba kowa, kuma wai kunya yake ji a gan shi a layin masu karnuka. Da kwanakin suka cika aka kashe Bingo.

Ina jin haushinka, gara in faɗa maka. Kai ka karɓa, kai ka tsorata, Ladan ya yi ƙarya, amma dukanku hannunku fes. Maza uku da sanda sun kasa shi. Muryata kaɗai ya yarda da ita a duk Sabo, ita kuka ara.

A gai da Inna.
Haulatu.