Bindigar da Baba ya koya mini da ita

Litinin, 6 ga Oktoba
Dokta Sikandar ya zo daga Lahore da ƙaramar bindiga mai ƙyastu, wai in rubuta masa takardar asalinta. Kallo ɗaya na yi mata na ce, "Sahib, ta Farisa ce, ta haura shekara ɗari biyu." Sak irin ta marigayi Baba da ke cikin akwati, wadda ya koya mini aiki da ita. Duk Peshawar wa zai ja da ni?

Laraba, 8 ga Oktoba
Na kwance ƙarfen ƙyastun don in cika ƙa'ida. Da ma ban kwance ba. Zanen magagarin da ke ciki ya karkata hagu, aikin bahago ne. Baba bahago ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Na kwance ta akwatin, karo na farko a rayuwata. Baba ne ya hana a kwance ta. Hannu ɗaya ne ya yi su. Innalillahi! Shekara ashirin da shida da ita nake gwada kowace bindiga.

Asabar, 11 ga Oktoba
Na je wurin Lala, yayana. Dariya ya yi har shayi ya sarƙe shi. "Sai yau? Kai da idon naka da ake ta yabo?" Wai Baba ne yake ƙera bindigogin, ya binne su a bayan gidanmu da gishiri da ɓawon rumman, wata shida su fito tsofaffi. Na ce, "Lala, me ya sa bai faɗa mini ba?" Ya ce, "Ka iya ƙarya ne? Mai gaskiya yake buƙata a bakin shago." Na tsane shi a lokacin, wallahi. Ban san wanne a cikinsu ba, yayana ko Baba.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Ban ci abinci ba. Takardu nawa ne da sa hannuna a gidajen mutane? In na faɗa wa Dokta, dukkansu sun mutu, sunana ma haka. In na yi shiru, na zama abin da Baba ya ce ban iya ba.

Talata, 14 ga Oktoba
Dokta ya dawo. Ya ce, "Ustaz, maganarka ta fi hatimi a wurina." Na zuba masa koren shayi, na rubuta Farisa, na sa hannu.
Da la'asar wani ya kawo wata bindiga. Ban kwance ta ba.