Kalma Goma Sha Biyu a Bakin Inna

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ƙafar nan da ke maka ciwo? Mu nan lafiya lau, matarka na gaishe ka, 'yarka ta fito da haƙori biyu. Malama ta gidan gaba ce ke rubuta mini. Ban kira ka ba, don waya kunne gare ta.

Ka tuna shekarar da hukuma ta canza kuɗi? Kana ƙarami. Abin da na tara da keken ɗinki na shekara bakwai yana cikin matashin kaina, ko babanka bai sani ba. Kafin labari ya iso ni wa'adi ya wuce. Da su ka yi wasan kanti a tsakar gida, ni kuwa ina ɗaki ina share hawaye.

Shi ya sa da ka ce ka mayar da kuɗin ginin gidanka kirifto, kuɗin nan na intanet, wanda babu hukumar da za ta wayi gari ta kashe, ban hana ka ba. Ban dai yarda ba. Kuɗin da ba a ƙulle shi a bakin zani, ni ban san sunansa ba. Ka zaunar da ni ka koya mini kalmomin Turanci goma sha biyu, ka ce su ne mukulli, duk wanda ya ji su a jere ya kwashe komai. Ka yaga takardar, ka ce kaina ya fi banki.

To Auta, gudun mantuwa sai na sa musu murya, na riƙa lallashin yarinyar da su. Wa zai kula da surutun tsohuwa?

Yayan matarka mai gyaran waya ya kula. Mutumin da ko ɗansa bai taɓa ɗauka ba, yanzu kullum da la'asar yana nan da ledar sabulu. Sai ya kife wayarsa a kan taga, ni dai na ce muryata take naɗa, ya ce, "Inna, a yi mata waƙar nan mana, muryarki ko a rediyo." Ni da muryata kamar tsohuwar ƙofa. Matarka ta ce zargi ne ya yi mini yawa, mai yiwuwa haka ne. Amma sabulu bai taɓa zuwa gidan nan don Allah ba.

Ban kore shi ba. Rera masa nake yi, sai dai ina kai kalmar gaba baya, ta tsakiya ƙarshe, kullum da sabon jeri. Sati uku ke nan yana tafiya da murna yana dawowa fuska a murtuke.

Ga abin da ya sa na ɗauko Malama. Shekaranjiya ina ni kaɗai na ce bari in jero ta gaskiya, sai na tsaya a ta bakwai. Kalmomin duk suna nan, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Wacce ke bin wacce ne ya kuɓuce mini.

Kada hankalinka ya tashi tukuna. Na lura in na jero daidai yarinyar tana lumshe ido, in na ɓata sai ta ƙura mini ido kamar mai bina bashi. Da ita muke gyarawa, mun kai ta tara. Ka nemi hutu ka zo da wuri, kafin ita ma ta saba da ta ƙaryar.

Allah ya yi maka albarka.

Ni ce,
Innarka