Taraktar da Ka Bari Tsakanin Rumbu da Katanga

Assalamu alaikum Yaya Garba. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mutanen Dakko duk lafiya. Inna na nan da sauran ƙarfinta, iyalinka kuma suna ta haƙuri.

Ƙararka na kawo maka. Ka tafi ka bar tarakta da tirelarta a tsakar gida, tsakanin rumbun Inna da katanga, wurin da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga. Wata biyar ke nan. Shinkafa ta isa kwasa a fadama, kuma da taraktar nan gidanka ke ci. An kira direba daga Bakura, an kira wani daga Maradun, kowa ya zagaya ya ce sai an rushe rumbun, wanda Baba ya gina da hannunsa. Inna kuwa, sai na iske ta tana fitar da dammunan gero ɗaya bayan ɗaya.

Ka san aikina, tunda ka sha dariya a kansa. Shekara ashirin ina koyar da lissafin sarrafa injuna a Talata Mafara, musamman masu taurin kai, waɗanda in ka ninka musu umarni ba sa ninka biyayya. Mukan zana duk halin da inji zai iya shiga kamar fili mai tudu da kwari, mu dasa kibiyoyi a kowane wuri, masu nuna inda zai iya nufa. Mota na da gaba da baya da murɗa sitiyari, ba ta da kibiyar gefe. Amma in ka yi gaba kaɗan, ka murɗa, ka yi baya, ka warware, ba ka komawa inda ka tashi. Ka goce gefe da ɗan taƙi. Kan wannan ɗan taƙin aka rubuta littattafai masu kaurin bulo.

Ranar da na yi maka wannan bayani kana shan rake a ƙofar gida, ka ce, "Ashe wanga abu har makaranta ake shiga a koyo shi? To hau ka gwada, Farfesa." Na ce rigata fara ce.

Asabar ɗin da ta wuce na auna gidan da igiya, na cika shafi shida, na tabbatar akwai hanyar fita. Matarka Hajara ta saurare ni cikin ladabi, sannan ta tuna mini cewa tunda ka shigar da ita, ai dama tana fita.

Na hau da hantsi. Littafi ya ce hanya na nan, bai faɗi taurin kuloci a ƙafa ba. Sau biyu tirelar ta nemi naɗewa. Sai na tuna abin da kake cewa in kana ribas: "Bar duban inda kake son ta je, dubi inda ta nufa, ka lallashe ta." Gaba kaɗan, baya kaɗan. Na daina ƙirge a talatin. Bayan la'asar muka fito titi, ni da ita, rigata kuwa ba a magana.

Sai dai na karci rumbun, kusan kamu ɗaya. Na je ba Inna haƙuri, ta kama hannuna ta ɗora a gefen wurin, inda yaɓe ya fi kauri. Ta ce duk kaka sai ka karce shi, ita kuma ta yaɓe kafin kowa ya gani.

Haba Yaya. Duk shekarun nan ina kafa misali da kai a aji.

Jiya ta kwaɓa laka ta yaɓe nawa kusa da naka, ta mayar da geronta. Ta jima hannunta na kan wurin.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka makwanci yadda ba sai ka yi gaba da baya ba, Ya albarkaci bayanka, Ya haɗa mu a inuwa ɗaya.

Naka har kullum,
ƙaninka Bello, wanda ya hau a ƙarshe.