Kusurwar Bayan Famfo

Takur, Dutse
Maris, 1997

Zuwa ga Mashkura, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randar da nake kurɓa in manta da zafin bazara.

Assalamu alaiki. Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Baffa da Inna Gaji da duk mutanen Garki.

Rage magana ne aikina. A ofis nakan karɓi labari mai tsawo in bi shi da jan biro har ya koma sakin layi ɗaya. Yau na zauna rubuta miki, na rasa abin da zan soke. Wace kalma ce ta yi yawa ga macen da tafiyarta ta mai da gidan nan kufai?

Saƙonki ya iso ta bakin Inna Gaji: ba za ki dawo ba sai an shafe kusurwar bayan famfo da siminti. Na fahimta. A nan aka binne mabiyiyar 'yarmu Safara'u. A nan kika ci gaba da wankan jego bayan Allah Ya karɓi abinsa, kina tsoma ganye a tafasasshen ruwa alhali ba jaririyar da ke jiranki a ɗaki. Na sayo simintin, na kira Malam Falalu magini. Da ya ɗaga shebur sai na ce ya dakata. Ki yi haƙuri, na kasa.

Wurin ba ya bushewa, kin sani. Famfo yana ɗiga, ruwan alwala yana gangarawa can. Duwatsun garin nan suna huci kamar murhu, ita kuwa ƙasar baƙa ce wuluk, sanyi ƙalau. Kin tuna ranar da kika tare? Kika danna ta da yatsan ƙafarki, da sauran lallen biki a jikinsa, kika ce duk wurin da ya riƙe ruwa a Dutse ya cancanci shuka. Kika ce kina son mai hawa katanga, mai fure, wadda ba ta zubar da ganye da rani. Na ce to, sannan aiki ya ɗauke ni.

Yanzu na nemo. Na karanta abin da na samu, na zaga wurin masu fulawa har Kano. Mai ƙayar nan da furenta yake kamar takarda, wadda ta cika katangun sakatariya, ƙishi take so. Danshi ruɓar da saiwarta yake yi. Na yi tunanin duman kada, da yake ɗan fadama ne, kore shar duk shekara. Sai na hango fuskarki. 'Yar makiyaya, wadda ta tashi tana korar maruƙa daga gare shi don kada su ci su kama makyarkyata, ita zan kawo wa shi tsakar gida? Akwai wata mai furen ruwan ɗorawa, kyakkyawa ƙwarai, tana kuma jure laima. Na karya reshenta, farin ruwa ya fito, mai dafi ne. Na ajiye ta, na haƙura da ita. Ban ajiye ta don ni ko ke ba, Mashkura. Na ajiye ta ne don ina sa rai, da yardar Allah, wata rana za a sake rarrafe a tsakar gidan nan.

Wadda na zaɓa ba ta da kwarjini a cikin leda. Amma in ta samu danshi, aka haɗa mata da yashi don ruwa ya riƙa wucewa, takan rufe katanga, ganyenta ba ya yaushi. Furenta fari yake fitowa, ya wayi gari ruwan hoda, ya ƙare ja, ga ƙamshi da yamma. Ya ke kurciyata, ya ke dabinon da ya nuna a kan idona! Ashe akwai abin da yake sauya launi bai sauya saiwa ba? Haka baƙin cikinmu zai yi. Ba na roƙonki ki manta da Safara'u. Ina roƙon kada mu rufe wurin kamar abin kunya.

Na haƙa ramin a gefe, nesa da inda aka binne abin da aka binne. Na ɗaura igiya zuwa kan katanga. Ban dasa ba, kuma ba zan dasa ba, don hannunki nake jira. Buhun simintin ma yana nan a zaure. Ki zo ki tsaya a wurin. In har zuciyarki ta ce siminti, ni da kaina zan kwaɓa, ba za ki ji uffan daga bakina ba.

Sai dai kada ki daɗe, abar ƙaunata. Da safen nan na ɗaga ledar don in ba ta ruwa, na tarar saiwar ta huda ƙasanta, tana neman inda za ta kama.

Naki rani da damina, har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido,

Uwaisu