Kifin Gwangwanin da Na Ci da Cikin Jikarki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinki, na zo miki da labari mai daɗi, da kuma wanda ya hana ni sakat.

Ina da ciki, Inna. An duba, an ce mace ce, kuma mun gama magana da surukinki Nura, sunanki za ta ci.

Laulayin ya zo mini irin naki. Ko ƙanshin nama na ji sai amai, ƙwai da wake kuwa ba a magana. Na rame har a ofis aka fara tambayata ko lafiya. A asibiti suka ce dole in nemi abinci mai gina jiki. Abu ɗaya ne ya yarda ya zauna mini, kifin gwangwanin nan da ake kira tuna. Da burodi, da taliya, wani lokaci haka nan da cokali a tsaye a kicin.

Kin san yadda kika raine mu a Yauri. In Baba ya kawo kifi, mafi girma kike ware wa mai cikin da ke gidan, kina cewa ba ita kaɗai ke ci ba. Na taɓa ba Nura wannan labarin, shi kuwa ya riƙe. Ya bi kantunan Gwarinpa yana tambayar wanda aka yi da babban kifi, mai farin nama, ya kinkimo mini katan guda yana washe baki. Na yi watanni ina ci safe da yamma.

A awon da ya wuce na faɗa wa likita da alfaharina. Sai ta ajiye biro. Ta ce manyan kifayen teku suna tara zaiba a jikinsu, wadda suke kira makyuri, kuma babba ya fi ƙarami tarawa. In ta yi yawa tana iya taɓa ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Na ce ai dafaffe ne, wani lokaci ma ina soya shi sosai. Ta ce wuta ba ta kashe ta, ba ta da wari balle ɗanɗano. Ko ke da kike ɗaga kunnen kifi ki duba kafin ki saya, da ba ki gane ba.

Ta ce kada in tayar da hankalina, galibi ba a samun matsala, in koma ƙananan kifi. Ta ɗebi jinina. Jibi za mu karɓi sakamako.

Amma tsoro nake ji, Inna. In yarinyar ta motsa in ce lafiya, in ta yi shiru gabana ya faɗi. Ina tunanin ko za ta ji kirana, ko za ta yi magana da wuri kamar 'ya'yan mutane.

Nura ya kwashe sauran gwangwanayen ya zuba a but ɗin mota, ya kasa ba kowa, ya kasa zubarwa. Ba ya iya haɗa ido da ni. Na ce masa ba laifinsa ba ne, abin da kike yi ya yi.

Da kina nan da ke za ki raka ni jibi. Zan yafa mayafinki in tafi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki. Ya tsare mini takwararki, Ya sa in kira sunanki a gidan nan a amsa mini.

'Yarki,
Asma'u